Kafin Ka Rataya Jaka Ka Fita Wa'azi: Gargaɗi ga Masu Bishara na Ƙasar Gwarzo da Kabo

Kaka ta yi, dawa ta shiga rumbu, hanyoyin ƙauye sun bushe har babur na iya ratsa fadama. Yanzu ne matasan ikilisiyoyinmu na kewayen Sabon Birni, da na sauran ƙasar Gwarzo da Kabo, za su soma fita biyu-biyu kamar yadda aka saba tun kafuwar Sabon Rai Don Kowa a farkon shekarun 1960. Ina murna da fitarku, 'ya'yana. Wanda aka cece shi ya kame bakinsa, da sauran magana a kansa. Amma fita ma iri-iri ce, kuma akwai wadda gara a zauna a gida da a yi ta. Ku saurara, ba lallashi zan yi ba.

Ka fara tambayar kanka abin da ya fito da kai. In fasto ne ya matsa maka, koma. In kana so a ce da kai jarumi ne a taron matasa, koma. In kana tsammanin wa'azi zai ƙara maka maki a gaban Allah, to ba ka gane ceton da kake shirin shela ba, domin kyauta aka ba ka shi, ba ka biya ko kwabo ba, kuma ba za ka biya daga baya ba. Luka ya ba da labarin kutare goma da Yesu ya warkar, ɗaya tak ya juyo ya yi godiya, shi ma Basamariye, baƙo. Mu a ƙasar Kano wannan labari ya zo mana har ƙofar gida. A 1937 mishan ta SIM ta karɓi aikin kula da kutare a Yadakunya, kuma daga cikin waɗanda aka yi wa magani a irin waɗannan wurare aka samu masu bishara da suka koma garuruwansu da labari. Mutane ne da aka taɓa ware musu ƙwarya da tabarma. Wanda ya fito daga wannan hali ba ya yi wa kowa magana daga sama. Mutumin da aka yafe wa bashin da ba zai taɓa iya biya ba, ko a tafiyarsa ana ganewa. In ba a gani a taka tafiyar ba, ka zauna ka yi addu'a tukuna.

Ka faɗi abin da aka yi maka, iyakarsa ke nan. Mutumin nan na ƙasar Garasinawa da aka raba da aljannu ya so ya bi Yesu cikin jirgi, aka maishe shi gida wurin danginsa ya gaya musu jinƙan da aka yi masa. Ba a ba shi takardar makaranta ba, shaida aka ba shi. Kai ma kana da taka. Wataƙila kai ne wanda kullum ake ɗaukowa daga gidan burkutu. Wataƙila ke ce wadda tsoron mayu ya hana barci shekara da shekaru. Wataƙila ba wani abin mamaki a tarihinka, an haife ka a gidan masu bi, wata rana ka gane da kanka cewa kai mai zunubi ne kuma an mutu dominka. Wannan ya isa.

Kada ka ƙara gishiri. Na gaji da jin samari suna aron shaidar da suka ji a waya: wai dā shi babban boka ne, wai ya taɓa shan jini, wai ya yi shekaru a ƙarƙashin ruwa. A nan kowa ya san kowa. Tsohuwar da kake yi wa wannan tatsuniya ita ta yanke maka cibi. Ranar da ta kama ka da ƙarya ɗaya, ta rufe kunnenta ga gaskiyar da ke bayanta, kuma alhakin yana wuyanka.

Kada ka sayi kowa. A nan zan daɗe, domin a nan ne ɓarna ta fi yawa kuma ta fi kama da alheri. Ka san yadda ake yi. Mota ta tsaya a gindin tsamiya cikin watan Agusta, lokacin da rumbu ya koma kango kuma sabon hatsi bai nuna ba. An sauke buhunan masara da taki da gwanjo. Mata sun yi layi da kwanuka, yara sun kewaye. Kafin a buɗe buhu sai wani ya hau benci ya yi wa'azi, ya ce wanda ya karɓi Yesu ya ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi. Yaya ba za su tashi ba, mace ta bar 'ya'ya huɗu a gida ba a ɗora tukunya ba? Wannan cinikin yunwa ne, kuma wanda ya yi shi ya wulaƙanta matar, ya wulaƙanta sunan da ya ambata. Mun sha kuka idan aka zo wa 'yan'uwanmu da turmin atamfa, ko alkawarin aiki, ko rawani, don su bar Almasihu. Abin da muke kuka da shi in an yi mana, da wane baki za mu kare shi in mu muka yi? Ka tuna Gehazi, baran Elisha, da ya bi Na'aman a guje don ya karɓi azurfa da riguna a kan warkarwar da aka yi kyauta. Ka tuna abin da ya koma gida da shi.

Ba cewa nake yi a daina taimako ba. Ka taimaka, ka yawaita, amma ka cire sharaɗi. In ikilisiya ta haƙa rijiyar burtsatse, kada a sa mata kwaɗo, kada a tambayi mai ɗiban ruwa inda yake sujada. In za ka biya wa maraya kuɗin makaranta, ka biya ko da zai girma ya zama limamin unguwa. Asibitin ido na ECWA da ke Kano tun 1943 yake aiki, kuma ba a taɓa rasa alhazai da malamai a layinsa ba. Mutuncin da yake da shi a idon Kanawa daga nan ya samo shi. Ranar rabon abinci, a raba abinci. Maganar bishara tana da tata ranar, lokacin da mai sauraro zai iya cewa a'a ba tare da ya kwana da yunwa ba.

Ka yi sallama. Ka sauka daga babur tun daga nesa. Ka tuɓe takalmi a bakin tabarma, ka durƙusa, ka gai da maigida yadda ake gai da uba: ina kwana Baba, ina gajiya, yaya iyali, yaya aka ji da kaka. In aka kawo ruwa a moɗa ka sha, ko da ka ga ƙasa a gindinsa. Kada ka ciro Littafi daga jaka kafin gaisuwa ta ƙare, kuma ka san gaisuwa ba ta ƙarewa da wuri. In ya tambaye ka ɗan gidan wa ne, ka faɗa har kakanka. Sau da yawa ziyarar farko a nan za ta tsaya, ba ka kuwa yi asara ba.

Kada ka shiga gari ta bayan mai unguwa da dagaci. Na san abin da za ka ce: sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin yin addininsa, da sauya shi, da yaɗa shi. Gaskiya ne, kuma shari'ar Musulunci da Kano ta ƙaddamar a 2000 ba ta soke wannan sashe ba. Ka san haƙƙinka, kada ka bar kowa ya ce maka baƙo ne kai a ƙasar kakanninka. Sai dai haƙƙi ba ya ɗauke ladabi. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Miller da abokan tafiyarsu suka isa Kano, Sarki Alu bai karɓe su ba, ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Sai da aka yi shekaru fiye da talatin kafin mishan ta SIM ta samu zama a ƙasar Kano, har aka kai ga tashoshi irin na Kabo da Ƙaraye da Roni da Tofa. Ƙofar da aka daɗe haka ana jira a buɗe, kada kai ka rufe ta da gaggawar yini ɗaya. Ka je ka faɗi gaisuwa, ka ce ranka ya daɗe, ga mu, ga abin da ya kawo mu. In ya hana taro a fili, akwai zaure, akwai gona, akwai bakin kasuwa inda mutum ke hira da abokinsa.

Lasifika kuma, a rage ta. Kada a kunna ta lokacin kiran salla, ko ranar Juma'a da azahar, ko a kan tafsirin azumi.

Kada ka zagi abin da maƙwabcinka yake girmamawa. Kada bakinka ya taɓa Annabinsu, ko Alƙur'ani, ko salla, ko da wasa, ko da a cikinku ne kuna ganin ba mai ji. Ba a aike ka ka rushe kowa ba, an aike ka ka faɗi abin da Almasihu ya yi. Waɗannan mutane su wane ne? Kawunka ne. Gwaggonka ce da ta yi aure a Getso. Wanda kuka yi kiwo tare ne. A gidajenmu da yawa tsatso ɗaya ya rabu uku, wani masallaci, wani majami'a, wani yana nan kan al'adar kakanni, kuma duka ana haɗuwa a makoki ɗaya. Wanda ya zo daga nesa ya yi zagi zai hau mota ya tafi. Kai za ka kwana a nan, da uwarka, da rumbunku mai jinka.

Manya sun tuna Oktoban 1991, lokacin da aka shirya taron wa'azin Reinhard Bonnke a Kano da gagarumin talla. Taron bai yiwu ba, gari ya kama da wuta, aka yi asarar rayuka da yawa, Kirista da Musulmi. Ku kuma kun ga abin da ya faru a Sakkwato a watan Mayun 2022, inda aka kashe ɗaliba Kirista a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari bayan wani saƙon murya a WhatsApp. Kisan nan zalunci ne, ba abin da zai wanke shi, kuma ba zan taɓa cewa laifin wadda aka kashe ba ne. Na kawo shi ne don ka san ƙasar da kake taka. Wayar da ke aljihunka dandali ce. Abin da ba za ka iya faɗa a zauren dagaci ba, kada ka rubuta shi a Facebook, kada ka tura shi, kada ka sa masa alamar so. Amma ko da babu haɗari ko kaɗan, dokar tana nan, domin Bitrus ya umarce mu mu ba da amsa cikin tawali'u da girmamawa.

Kada ka shiga gardamar da ba ka da iliminta. In malami ya ja ka zuwa batun Triniti ko sahihancin Linjila kuma ka ga ruwa ya fi ƙarfinka, ka ce Malam, wannan zan tambayo, amma ga abin da na sani a raina. Ba kunya a ciki. Ko ka ci gardama, da wuya ka samu mutumin.

Kada kuma tsoro ya ɗinke maka baki. Wannan ita ce ɗaya cutar, kuma ta fi kama mu manya. Akwai wanda ya shekara ashirin yana sayar da hatsi da abokinsa a kasuwa, bai taɓa gaya masa dalilin begensa ba. Akwai mai ɓoye sunansa na baftisma in ya shiga birni. In aka tambaye ka, ka amsa sarai: ni mai bin Yesu Almasihu ne, na gaskata ya mutu domin zunubaina ya kuma tashi. Masu tambaya suna nan, sun fi yadda kake zato. A 1913 wasu daga zuriyar Isawa da kansu suka taka zuwa wurin Miller a Zariya suna neman ƙarin bayani a kan Isa. Ba wanda ya bi su da buhu. Irinsu in sun zo, kada su tarar da kai bebe.

Kada ka kewaye iyaye ka kai ga yara. Ɗan wani amana ne. Kada ka ja yaro da alawa ko ƙwallo zuwa aji ba da sanin ubansa ba, kada ka ɗauke shi zuwa wani gari da sunan karatu a ɓoye. Sashen nan na 38 da kake kafa hujja da shi ya hana a tilasta wa ɗalibi koyarwar addinin da ba nasa ba ko wanda iyayensa ba su yarda da shi ba. Mu ne muka fi kowa kuka in aka ɗauke mana yarinya aka ce ta sauya addini, aka hana iyayenta ganinta. Wannan zafin kada ya fito daga hannunmu zuwa gidan wani.

Namiji ba ya shiga cikin gida wurin matan aure. Wannan aikin Zumuntar Mata ne, kuma sun fi ku iyawa. Ke Inna, ke da kike zuwa barka da tayin daka da zaman jego, kin fi mai lasifika isa inda ake bukata. Kai saurayi kuma, kada ka haɗa zance da wa'azi. In yarinya kake so, ka san hanyar gidan ubanta.

Kada ka raina tsofaffin da suka rage kan al'adar gargajiya. Kada ka shiga gidan Kaka ka fasa masa tukunyar tsafi, kada ka tsinke masa laya. In ya ba da gaskiya, shi zai fitar da su da hannunsa. Daga cikin waɗannan gidaje na Maguzawa yawancinmu muka fito, kuma riƙon amana da ƙin ƙarya da ƙwazon noma da aka san mu da su, a wurinsu muka gada.

Kada ka ƙirga kawuna, kada ka ɗauki hoto. Rahoton da ke cewa an samu rayuka kaza a ƙauye kaza, alhali ranar Lahadi benci uku ne a majami'ar, ƙarya ce aka yi wa masu ba da baiko. Hoton sabon mai bi da ka watsa don a yaba maka yana iya raba shi da matarsa da gonarsa kafin ka isa gida.

Ka gaya wa mai son bi gaskiyar abin da ke gabansa. Kada ka ce masa talauci ya ƙare, ciwo ya ƙare, za a ba shi aiki. Wannan wa'azin talabijin ne, ba na gicciye ba. Ka ce masa mai yiwuwa a kore shi, a hana shi gādo, surukai su zo su tafi da 'yarsu. Sa'an nan ka juyo ka tambayi kanka da dattawan ikilisiya: in aka kore shi yau da dare, a ɗakin wa zai kwana? Wa zai ba shi gona aro? Wa zai tsaya masa a matsayin uba ranar neman aure? In ba amsa, ba ku shirya ba. Na ga wanda aka yi wa tafi ranar da ya ba da shaida, bayan wata biyu yana yawo da 'yar jakarsa ba mai ce masa shigo, kowa yana tsoron abin da zai biyo baya. Ya koma inda ya fito, kuma ban ga laifinsa kamar yadda na ga namu ba. Kada a yi gaggawar baftisma. A bar shi ya zauna a aji, ya koya, ya auna, ya zo da ƙafarsa.

Ka yi magana da Hausar gida. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da harshenmu. Ka karanta shi har ya zauna a bakinka, ka daina cusa Turanci a tsakiyar addu'a don a san ka je birni, ka daina kwaikwayon ihun masu wa'azin Legas. In ka tarar da wanda bai iya karatu ba, ka zauna ka koya masa baƙi da wasali, wannan ma aikin bishara ne kuma da shi iyayenmu suka fara. Mai jin kira na gaske ya nemi horo, makarantar Littafi ta Tofa ba nisa gare ta ba. Ƙungiyar masu bishara ta EMS tun 1948 take aika 'yan ƙasa, manoma da iyalansu, su zauna cikin mutane su yi noma tare da su. Zama suka yi, shi ya sa aikinsu ya kama ƙasa.

Ka biya bashin da ake binka kafin ka fita. Ka cika mudu. Kada ka matsa iyakar gona. Kada ka doki matarka da dare ka fito da Littafi da safe, katangar kara ba ta ɓoye kuka.

Kada ka je ɗiban 'yan Katolika ko Angilikan ko Baptis ka kawo su ECWA, ko ka kwashi na ECWA zuwa wata, ka ce ka yi bishara. Mu nawa ne duka a ƙasar nan?

Ku fita biyu-biyu, ku gaya wa dattawa inda kuka nufa, ku dawo kafin magariba. Ƙauyukan da ke wajen iyakar Katsina, ku tambayi halin hanya kafin ku kama ta.

In aka ƙi ka, ka tashi da mutunci. In maigida ya ce ya isa, to ya isa. Ka yi godiya don ruwan da ka sha, ka ce a gai da iyali, ka tafi ba tare da ka yi masa barazana da wuta ba. Kada ka la'anci gari, kada ka koma majami'a kana ba da labarinsa kamar na abokin gāba. Amma kada ka ɗauke ƙafa. In aka yi masa rasuwa ka je ta'aziyya ka zauna a tabarma tare da kowa. In aka yi haihuwa matarka ta kai sabulu. Ranar Salla ka je barka, ranar Kirsimeti ka aika da shinkafa, naman kuma ka ba Musulmi ya yanka don kowa ya ci ba shakka. In damina ta faɗi ya kira gayya, ka riga kowa isa gonar da fartanyarka, ko da ya rantse ba zai taɓa sauraronka ba.